RA'AYINMU: Tsaron gidan mai gas daga rumfar mai saidawa yake farawa

Duk wanda ya saba zaga kasuwannin bakin iyaka, daga Ƙonni da Illela zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har ya dangana da Dungas da Maigatari, ya san cewa a ƴan shekarun nan wata haja ta samu gindin zama a rumfunan da a da ba a san su da ita ba. Muna nufin tukunyar gas, wadda a ɓangarenmu na Nijar ake ce wa butel, a Najeriya kuma silinda, tare da ƴan rakiyarta, wato murhu da tiyo da kan da ake ɗaura wa bakin tukunya. Mai saida kwanoni ya ƙara ta cikin kayansa, mai kayan lantarki ya ƙara, har mai gado da katifa yakan ajiye biyu ko uku saboda masu haɗa kayan ɗakin amarya. Ciniki ne mai tafiya, kuma ba mu da ja a kan haka. Abin da ya sa muka ɗauko maganar yau shi ne wata tambaya da aka yi mana, wadda har yanzu take ci mana tuwo a ƙwarya.

A cikin wani shiri na kai tsaye da muke gabatarwa a gidan rediyon garinmu, wata baiwar Allah ta bugo waya daga wani ƙauye da ke kusa da iyaka. Ta ce maigidanta ya sayo mata babbar tukunya da murhu mai baki biyu ranar kasuwa, don ya hutar da ita daga wahalar itace. Mai rumfar ya yanko masa tiyo daga wani naɗi da ke rataye, irin wanda ake ban ruwan lambu da shi, ya ce in ya je gida ya ɗaure bakin da robar tayar keke. Haka aka yi, aka kuma ajiye kayan a ƙuryar ɗakin da yara ke kwana saboda tsoron ɓarayi. Aka yi wata biyu ana girki lafiya. Wata asuba ƴarta ta tashi ɗora ruwan zafi, tana ƙyasta ashana sai wuta ta bi ƙasa ta kama mata zane. Da yake da sauran shan ruwa, yarinyar ta rayu, amma ƙafafunta sun ƙone, aka yi makonni ana jinya har sai da aka saida awakin gidan. Matar ta ce mana: "Malam, ni ban ga laifin maigida ba, alheri ya nufa. To laifin wa ke nan?"

A ranar haƙuri kawai muka ba ta. Amsar ita ce muke so mu bayar yau, kuma ku ƴan uwa ƴan kasuwa muke fuskanta da ita, ba don mu ci fuskar kowa ba. A ƙasashen da ake tsananin sanyi, irin su Ingila da Faransa da Kanada, gidaje da yawa suna da babban murhun gas da ke ɗumama ɗakuna, mai bututun fitar da hayaƙi zuwa waje, kuma ba kowa ke taɓa shi ba. A Ingila tun 2009 akwai rajistar da ake kira Gas Safe, kuma laifi ne a gaban doka mutum ya karɓi kuɗi ya haɗa kayan gas a gidan wani in sunansa ba ya cikinta. A Faransa sabon aikin gas sai an ba shi takardar shaidar cewa ya dace da ƙa'ida kafin a sako masa gas. To mu fa? A ƙauyen wannan baiwar Allah babu mai rajista, babu mai takarda, babu wanda zai biyo sawu ya duba. Daga ranar da aka sayi tukunya har ranar da za ta lalace, mutum guda da ya san wani abu game da ita wanda mai gida zai taɓa yin magana da shi, shi ne wanda ya sayar masa. Ko kun so ko ba ku so ba, Alhaji mai rumfa, ku ne makanikin wannan gida, ku ne malaminsa, kuma abin da kuka miƙa masa da abin da kuka faɗa masa a cikin mintoci biyar na ciniki, da shi iyalinsa za su kwana su tashi shekara da shekaru.

Kada wani ya ɗauka muna yaƙi da gas ne. Tun da matatar mai ta Damagaram, wato SORAZ, ta fara aiki a watan Nuwamba na 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, gas na girki ya zama abin da ƙasarmu ke samarwa da kanta, kuma kowace tukunya da ta shiga gida ta rage itacen da za a sara a dajin da dama ya kusa ƙarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibi hayaƙin itace da gawayi da kananzir ke haddasawa, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya. Iyayenmu mata da idanunsu suka lalace a bakin murhu su ne shaida. Saboda haka burinmu gas ya ƙara shiga gidaje. Amma duk lokacin da wata yarinya ta ƙone, gida goma a unguwar sukan mayar da tukunyarsu bayan ɗaki su koma ga itace, kuma cinikinku ne ke raguwa.

Bari mu fara da halin gas ɗin kansa, domin wanda bai san halin abin da yake saidawa ba, ba zai iya gargaɗin kowa ba. Abin da ke cikin tukunya ruwa ne da aka matse, shi ya sa kake jin motsinsa in ka girgiza. Da ya samu hanyar fita sai ya zama iska, kuma lita ɗaya ta ruwan tana zama iska wajen lita 250. Wannan iska ta fi wadda muke shaƙa nauyi, kusan ninki biyu, don haka ba ta tashi sama ta bi taga kamar hayaƙi. Ƙasa take kwanciya, ta bi ƙarƙashin gado, ta taru a rami ko kwata ko lungu, daidai inda yara ke shimfiɗa tabarma. Abin da ya sa wutar nan ta kama yarinyar daga ƙafafu ke nan. Kuma ba ta buƙatar yawa: da ta kai kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, ƙyastu ɗaya ya isa. A ɗaki mai mita 3 tsawo, 3 faɗi, 3 bisa, abin da bai kai kilo ɗaya da rabi ba, wato rubu'in ƙaramar tukunya mai kilo 6, ya isa ya mai da ɗakin gaba ɗaya abin fashewa.

Warin nan da muke ji ma ba nasa ba ne. Gas ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don hanci ya gane shi tun kafin ya yi yawa. An koyi wannan darasi ne da tsada: ranar 18 ga Maris 1937 gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin New London na jihar Texas a Amurka, ya fashe ya kashe mutum kusan 300, galibinsu yara, daga nan aka kafa dokar sa masa wari. Don haka duk ɗan kasuwar da mai saye ya dawo ya ce masa yana jin wari, shi kuma ya ce "ai haka gas yake", ya kashe ƙararrawar da aka sa don ceton rai. Kayan da aka haɗa daidai ba sa wari.

Sai mu zo kan hajar, ɗaya bayan ɗaya. Ita tukunya tana da shekaru kamar mutum, kuma an buga shekarar da aka ƙera ta da nauyinta in babu kome ciki a jikin ƙarfen marikinta ko gindinta. A Nijar an fi sabawa da musaya: ka kai fanko a ba ka cikakkiya mai tambarin kamfani, fankon kuma ta koma ma'aikata, inda ya kamata a duba ta a cire wadda ta gaji. A Najeriya galibi tukunyar ta mutum ce, yana kai ta a zuba masa gwargwadon kuɗinsa, shi ya sa hukumar kula da ingancin kaya ta can, wato SON, ta ƙayyade a gwada tukunya duk bayan shekara 5, a kuma daina aiki da ita bayan shekara 15. To matsalarmu ta mutanen iyaka ita ce tukunyar da ta tsallaka ta fita daga hannun kowa. Kamfanin da ke da tambarin ba zai sake ganinta ba, hukumar can kuma ba ta san da ita ba. Haka za ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, gindi ya yi tsatsa, a shafa mata fenti a mai da ita sabuwa a ido. Tukunyar da ta lotsa, ko ta kumbura, ko aka yi mata walda, ko tsatsa ta ci gindinta, ko aka goge lambobinta, wurin mai sayen tsohon ƙarfe ya dace da ita, ba ɗakin amarya ba.

Na biyu shi ne kan da ke rage ƙarfin gas, wanda a nan ake ce wa detandar, a can kuma regileta. A zafi irin namu, matsin da ke cikin tukunya ya ninka abin da murhu ke buƙata fiye da sau 50, kuma wannan ɗan ƙarfe shi kaɗai ke tsakani. Bakunan tukwane ba iri ɗaya ba ne, akwai na murɗawa, akwai na dannawa, kuma wanda aka yi don kasuwar wata ƙasa ba lallai ya zauna a kan tukunyar wata ba. Mun sha ganin an tilasta kai a kan bakin da ba nasa ba, an cusa leda ko zare don ya kama. Wannan ba gyara ba ne. Haka nan akwai ƴar robar nan zagayayya da ke tsakanin kai da bakin tukunya, wadda kuɗinta bai kai na kofin shayi ba, amma in ta tsage ko ta faɗi, ta nan gas zai yi ta zurara dare da rana. Mai rumfar kirki yakan duba ta a gaban mai saye, ya kuma ba shi wata ta ajiya.

Na uku tiyo, kuma a nan ne aka fi cin amanar jama'a. Tiyon ruwa da tiyon gas kama kawai suka yi. Gas yana cin robar da ba tasa ba, ta bushe ta tsattsage ta inda ido ba ya gani. Tiyon gas na gaskiya an rubuta a jikinsa cewa na gas ne, kuma wanda aka ƙera bisa ƙa'idar Faransa har shekarar da zai daina aiki an buga masa, galibi shekara 5 ga na roba. Rana da ɓera da zafin murhu sukan sa ya mutu tun kafin nan. Kada tsawonsa ya wuce mita 2, kada a yi masa gami a tsakiya, kada ya bi ta bayan murhu inda wuta ke lasarsa, kuma bakinsa biyu da zoben ƙarfe mai kusa ake ɗaure su, ba da robar taya ko waya ko tsumma ba. Bambancin kuɗin da ke tsakanin tiyon ruwa da na gas bai kai kuɗin allura ɗaya a gidan likita ba.

Na huɗu shi ne wanda mutane da yawa ba su sani ba, kuma ya shafi masu kayan gwanjo na Turai. Da yawa daga cikin murahun girki da na dafa ruwan wanka da ake kawowa, an yi su ne don gas na bututu da ke shiga gidaje a biranen can, ba don gas na tukunya ba. Ƴan hancinan tagullar da gas ke fitowa ta cikinsu hudarsu ta fi faɗi. In aka haɗa irin wannan murhu da tukunya ba tare da an canza su ba, sai ka ga wuta ta yi tsawo, ta yi ja ko rawaya, tana baƙanta gindin tukunyar miya. Uwargida za ta ce murhun yana da ƙarfi, alhali guba yake fitarwa. Wutar gas mai lafiya shuɗiya ce, gajera, ba ta hayaƙi. Duk mai saida irin waɗannan kaya wajibi ne ya san na wane gas ne, ya sa a canza hancinan kafin ya saida, ko ya faɗa wa mai saye gaskiya.

Wannan ya kawo mu ga hunturu. Daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da ake toshe kowace kafa ta ɗaki da tsumma, akwai wani haɗari da ba ya fashewa, ba ya ƙara, amma yana kisa. Duk wutar da ke ci a rufaffen ɗaki, ta gas ce ko ta gawayi, in iska ta yi mata ƙaranci sai ta riƙa fitar da wata iskar guba da masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sama da sau 200. Alamunta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da mutuwar jiki, shi ya sa akan ɗauka zazzaɓin sauro ne, a sha magani a koma a kwanta a cikin ɗakin da ke kisan. In mutanen ɗaki ɗaya suka kamu da ciwon kai lokaci guda, suka kuma ji sauƙi da suka fito waje, to ɗakin ne, a buɗe shi a kai su likita. Murhun girki ba na jin ɗumi ba ne. Na'urar ɗumama ɗaki mai aiki da tukunya ba a kwana da ita a kunne, ba a kuma kunna ta sai da kafar iska a buɗe. Ita kuwa mai dafa ruwan wanka, in an yi ta da bututun hayaƙi, to dole bututun ya fita waje, kuma ba a liƙa ta a cikin ƙaramin banɗaki marar taga. Haka janareta, wurinsa waje ne nesa da taga.

To me ya kamata mai rumfa ya faɗa wa mai saye kafin ya ɗauki kaya? Ba karatu ne mai tsawo ba. Ya ce masa tukunya a tsaye take zama, a daɓe mai kyau, a inuwa, inda iska ke ratsawa ta ƙasa, nesa da murhun itace da ramin kwata, kuma ba a ɗakin kwana ba. In ana tsoron ɓarayi, a yi mata ɗan keji na ƙarfe da kwaɗo a waje. Ya ce masa bayan ya haɗa, ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a bakin tukunya da kai da bakunan tiyo, in ya ga kumfa na tasowa to akwai yoyo, ya rufe ya sake ɗauri. Ba a gwada yoyo da ashana. Ya ce masa a fara ƙyasta ashana sannan a murɗa makunnin murhu, in an gama girki kuma a rufe daga tukunya, musamman da dare. Ya ce masa in an ji wari kada a ƙyasta kome, kada a taɓa makunnin lantarki ko kunnawa ko kashewa, a rufe tukunya, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da yara. In wuta ta kama tiyo kuma hannu na iya kaiwa, a naɗe hannu da jiƙaƙƙen tsumma a rufe bakin tukunya, wutar za ta mutu. In kuwa tukunyar kanta tana cikin wuta, kowa ya yi nesa, a kira ƴan kwana-kwana, lambarsu a Nijar 18 ce. Wanda ya ƙone a yi ta zuba masa ruwa mai tsabta kamar minti 20, ba ƙwai ba, ba man goge baki ba, ba toka ba, sannan a wuce likita. Kuma ya roƙe shi ya maimaita wa uwargida da manyan yara, domin shi mai sayen ba shi ne mai girkin ba.

Akwai kuma abin da ya shafi kasuwar kanta. Muna ganin yadda ake jefo tukwane daga kan mota kamar buhunan gero, ana gara su da ƙafa, ana ɗaure su a kwance a bayan babur cikin ranar watan Afrilu da zafi ke wuce maki 40. Muna ganin an jera su dab da mai saida fetur a kwalba, da mai shayi, da mai walda. Mafi muni shi ne juye, wato a kifa babbar tukunya a riƙa ɗura wa ƙanana a cikin rumfa. A ma'aikata ba a cika tukunya fiye da kimanin kashi 80 cikin 100, ana barin sarari domin ruwan gas yana kumbura in ya ji zafi. Mai juye da ido yake aunawa, kuma tukunyar da aka cika maƙil aka bari a rana ba ta da inda za ta kai wannan kumburi. Sikeli ne kaɗai ke faɗar gaskiya: nauyin fanko da aka buga a jiki, a tara da kilo 6 ko 12 da rabi, abin da ya wuce haka haɗari ne, abin da ya gaza kuma cuta ce.

Wanda yake ganin wannan tsoratarwa ce kawai, ya tuna abin da ya faru a maƙwabta. Ranar 7 ga Oktoba 2017 wata tashar gas ta fashe a mahaɗar Atomic da ke birnin Accra, mutum 7 suka mutu, sama da 130 suka ji rauni, abin da ya sa gwamnatin Gana ta yanke shawarar komawa tsarin cika tukwane a ma'aikatu nesa da jama'a a riƙa musaya. A watan Janairu 2020 wani shagon gas ya fashe a unguwar Sabon Tasha ta Kaduna, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya, wanda yake cikin wani shagon aski da ke maƙwabtaka. Shi bai je sayen gas ba. A kasuwa irin tamu, ta rumfunan zana da katako da atamfa, mai juye ɗaya yana caca ne da jarin mutum ɗari da ba su san ana yi ba. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mun san abin da wasu za su ce. Wani zai ce shi ciniki ya fito, ba koyarwa ba, kuma mai saye ne da bakinsa ke neman mai araha, in ka hana shi ya tafi rumfar gaba. Gaskiya ne aljihu ya yi zafi a ɓangarorin iyaka biyu. Amma mai sayen da ya zaɓi tiyon ruwa bai san abin da ya zaɓa ba, ku ne kuka sani, kuma ɓoye aibin haja abu ne da iyayen gidanmu a kasuwa suka hore mu a kansa tun muna yaran shago. Ba mu taɓa jin magidancin da aka ce masa "wannan zai iya ƙona maka ƴaƴa" ya ce a ba shi hakanan ba. Game da rumfar gaba kuwa, maganinta ƙungiya. In masu wannan haja a kasuwa ɗaya suka haɗa baki cewa babu mai saida tiyon ruwa da sunan na gas, babu rumfar gaban da za a tafi. Kuma kasuwar iyaka ta sanayya ce, mutanen ƙauye sun san rumfar da aka sayo kayan da suka ƙona yarinya, ko ba su faɗa ba.

Saboda haka muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa na ɓangarorin biyu da su ware wa masu gas wuri a gefen kasuwa, mai inuwa da iska, nesa da masu wuta da masu fetur, su kuma hana juye a cikin rumfuna baki ɗaya. Muna kira ga magadan gari da su gayyato ƴan kwana-kwana su zo ranar kasuwa su nuna wa masu wannan haja gwajin sabulu da yadda ake kashe wuta, ko sau ɗaya ne a shekara kafin shigowar sanyi. Muna kira ga jami'an duwan da masu kula da ingancin kaya da su dubi tiyo da kawunan da ke shigowa, kada aikin ya tsaya ga karɓar haraji. Muna kira ga kamfanonin gas da su karɓi tsofaffin tukwanensu su musanya ba tare da wahalar da talaka ba, su kuma buga gargaɗi da Hausa, da boko da ajami, tare da zane don wanda bai yi karatu ba. Mu ma ƴan rediyo muna da namu laifin, domin mun fi ba da labarin gobara bayan ta auku fiye da yadda muke koyar da hana ta, kuma mun ɗauki alkawarin gyarawa.

Amma kafin hukuma ta motsa, abin da ke hannunku ya fi sauri. Daga kasuwa mai zuwa, kowane mai saida kayan gas ya ajiye kofin ruwan sabulu da sikeli a rumfarsa, ya haɗa kayan a gaban mai saye, ya gwada masa ya gani da idonsa, ya sauke naɗin tiyon ruwa daga inda yake rataye kusa da tukwane. Wannan baiwar Allah da ta tambaye mu laifin wa, ta gaya mana cewa har yanzu tukunyar tana bayan ɗaki, babu mai ƙarfin halin taɓa ta, ita kuma ta koma hura itace. Muna fata ranar da za ta sake yarda da gas, ta faɗa hannun ɗan kasuwar da zai tsaya ya yi mata bayani. Allah ya tsare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu daga gobara, ya sa albarka a kasuwa, amin.